Irin Geron Mahaifina a Saman Murhun da Ba Ya Hayaƙi

Shekarun baya, lokacin ina sabon ɗauka a wani otal da ke unguwar Al Rigga a Dubai, na taɓa ɗauke abin da ya fi komai daraja a wurin mahaifina na je na yi kwalliya da shi. Ba zinare ba ne, ba kuma takardar gona ba ce. Zangarniyar gero ce guda goma sha ɗaya. Ku yi dariyarku, ni ma da wani ne ya ba ni labarin a wancan lokacin da na dara. Amma saura ƙiris ranar in kashe abin da gidanmu ke riƙe da shi tun kafin a haifi kakana, da hannuna, ina washe baki ina jiran a yaba mini.

Aikina a otal ɗin shi ne ƙawata wuri. Furanni, labule, tebura, duk abin da baƙo zai kalla ya ce kai, wurin nan ya haɗu. A babban falon karɓar baƙi akwai wani murhu da aka gina a jikin bango irin na Turawa, da kanta ta farin dutse a samansa, doguwa, za ta yi kamu shida. Murhu a Dubai fa, jama'a! Garin da in ka fito da azahar takalminka na roba sai ya nemi narkewa. Wutar da ke ciki ma ba wuta ba ce, tururin ruwa ne ake haska masa jar fitila, sai ya riƙa kaɗawa kamar harshen wuta. Ranar da na fara ganinta sai da na tattare rigata don kada ta kama.

Manajarmu Baturiya ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma ta tsani duk wani abu na roba. Wata safiya ta tsayar da ni gaban murhun ta ce, "A ƙasarmu yanzu kaka ta shigo, ganye ya yi ja yana zuba. Ina son kantar nan ta nuna haka. Amma ka ji ni da kyau, ban son ganyen roba, ban son furen leda. Abin da ƙasa ta fitar kawai."

Na ce mata an gama. Haka nake, bakina ya fi ƙafata sauri.

Da na koma ɗakina a unguwar Hor Al Anz na buɗe waya na ga hotunan abin da take nufi, jajayen ganyaye masu faɗi da ban taɓa gani da idona ba, sai na gane na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Amma wai ni mai dabara. Na fita na tsinko ganyen darbejiya a bakin titi, na shanya a taga, na sayo fenti ja da rawaya na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu ina wannan wahala. Da na jera mata su, ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wace bishiya ce wannan take warin fenti?" Ta ba ni kwana biyu in sake.

To a daidai wannan makon ne mahaifina yake wurina. Idonsa na dama ya daɗe da tafiya, na hagun ne ya rage, shi ma yanar ido ta rufe shi, ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa. Da ƙyar da roƙo na shawo kansa ya yarda ya zo a yi masa aiki a nan. Manomi ne, a wani ƙauye gabas da Kano, bai taɓa kwana bakwai a wajen garinmu ba in ban da aikin Hajji. An yanke gero kafin ya taso, amma dawa tana gona, kuma wannan abin yana cin sa. Kullum yana zaune a bakin gado ya lulluɓa da bargo, yana faɗa da na'urar sanyaya ɗaki. "Mutane su ƙirƙiro wa kansu hunturu da gangan," in ji shi, "sannan su sayi bargo."

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka tun da nake bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan", in kuma yana magana da wani ya ce "yaron nan na waje". Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani. Amma gaskiya akwai wata tazara tsakaninmu da ta wuce ta kunyar ɗan fari. Tun da na tafi makarantar kwana na ajiye fartanya ban sake ɗauka ba. Ƙanena ne ya zauna da shi a gona. In na je gida sai mu gaisa, in tambayi damina, ya ce alhamdu lillahi, shi ke nan hira ta ƙare.

Ranar da ya iso, ina fito da kayansa na ga wani dogon ƙulli a cikin tsohon zanen mahaifiyata. Na leƙa na ga gero ne a zangarniyarsa. Na ce a raina, Allah sarki Inna, ta san mutuminta ba ya shiri da shinkafa, ta haɗo shi da na kunu, ko sussukawa ba ta tsaya yi ba. Ya ce in tura masa ƙarƙashin gado, na tura. Na lura kullum bayan sallar asuba yakan miƙa hannu ya shafa ƙullin, amma ban kawo komai ba. Tsofaffi da abubuwansu.

Ana gobe wa'adin da manaja ta ba ni zai cika, na shiga unguwar Al Buteen da kasuwar kayan ƙamshi da ke bakin ruwa, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ce tun da kaka take so, ai mu ma muna da kaka. Na sayo kabewa manya da ƙanana, busasshen zoɓo ja wur, barkono, sandunan kirfa, dabino a jikin reshensa. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano ya ba ni goruba da tsamiya da ƙwarya biyu daga guzurinsa, yana ta tsokanata wai ashe boka na zama a Dubai. Na kai otal na jera. Ya yi kyau, amma duk abin a kwance yake, babu wani abu mai tsayi da zai ɗaga ido sama. Ina tsaye ina kallo sai ƙullin nan na ƙarƙashin gado ya faɗo mini a rai.

Na koma gida bayan azahar na tarar Baba yana barcin rana. Na durƙusa a hankali na zaro ƙullin. Wallahi har cewa na yi a raina, gobe in sayo masa gero mudu biyu surfaffe, ya huta da wahala.

Da na kwance zanen a otal, ni kaina sai da na tsaya. Ban taɓa ganin gero irin wannan ba, ko in ce na gani ina yaro ban kula ba. Kowace zangarniya ta kusa tsawon hannuna, a cike maƙil tun daga gindi har tsini, ga wani gashi-gashi mai ruwan zinare ya lulluɓe ta. An ɗaure su da igiyar rama, wani irin ɗauri mai kitso. Na kasa kwancewa, sai na sa almakashi na datse igiyar. Na soka wasu a tulu, na jingina wasu a bango. Guda ɗaya ta yi mini tsawo a inda nake son ta, na raba ta biyu da almakashin nan, ƙat. Har yau in na tuna wannan ƙarar sai na runtse ido.

Manaja ta zo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan shi ne." Kaina ya yi girma kamar kabewar da ke kan kantar. Ta ƙara da cewa gobe da ƙarfe bakwai na safe, kafin baƙi su sauko, mai kula da shuke-shuken otal zai yi feshi. Dokar wurin ke nan. Duk wani abu na gona da aka shigo da shi sai an fesa masa maganin ƙwari, a bi shi da wani ruwa mai danƙo da sheƙi da ke bushewa ya riƙe komai, don kada ya zube ko ya tara kiyashi. Na ce madalla, hakan ya yi.

Washegari ita ce ranar aikin idon Baba, ƙarfe goma sha ɗaya. Muka yi sallar asuba, ya zauna yana lazimi har rana ta fito. Yau bai miƙa hannu ƙarƙashin gado ba. Gyara zama ya yi, ya daidaita hularsa, ya ce, "Kai, ɗauko mini ƙullin nan ka zo ka zauna a gabana."

Na ce, "Baba, wai geron kunun nan? Ai na ɗan ara na kai wurin aiki. Yau zan sayo maka wani."

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take.

"Ka kai ina?"

Na fara bayani, murhu, kanta, Baturiya, kwalliya. Da na zo kan feshi sai ya ɗaga hannu.

"Iri ne," in ji shi. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ma ihu ya yi mini da ya fi sauƙi. "Irin gidanmu ne. Gargasa. Da hannuna na bi gona ina lalube, na zaɓo su ɗaya-ɗaya. Rabi na bar wa ƙanenka ya rataye a madafi, rabi na taho da shi. Babana a hannu ya ba ni, shi ma babansa a hannu ya ba shi. Ba a aikawa da shi, ba a barin sallahu a kansa. Babban ɗa ake kira a danƙa masa. Yau za a kwantar da ni a sa mini wuƙa, ban san ko zan tashi ba. Na ce bari in sauke nauyin kafin in shiga."

Na so in ce masa likita ya ce aikin ko rabin awa ba zai kai ba, amma na fasa. Na kalli agogo. Bakwai saura minti biyar.

"In aka fesa masa abin nan," ya tambaya, "zai tsiro?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba." Ƙarya nake, na sani. Ƙwayar da aka shafe da danƙo aka toshe ta ba ta sake shan ruwa.

Ya laluba ya ɗauki sandarsa. "Ba inda za ni sai na riƙe shi. Su jira da wuƙarsu."

Na kira wayar falon otal, aka ɗauka aka ce in dakata, aka bar ni da kiɗa a kunne. Na kira mai feshin, wayarsa na cikin akwatin ajiyar ma'aikata kamar yadda doka ta ce. Na riƙo hannun Baba muka sauko, na tare tasi. Ina ta ce wa direban yalla, yalla, wato ya yi sauri, shi kuma yana nuna mini jar danja yana cewa shwaiya, habibi, wato a hankali, aboki. Tafiyar da ba ta wuce minti goma ba ta zame mini kamar daga nan zuwa Kano.

Bakwai da kwata muka shiga falon. Tun daga bakin ƙofa warin feshin ya doki hancina. Kabewa tana ta sheƙi, zoɓo yana sheƙi, goruba kamar an shafa mata mai. An gama.

Sai dai babu gero a kan kantar. Ko ɗaya.

Mai kula da shuke-shuken wani dattijo ne Ba'indiye, siriri, mai farin gashin baki. Wata uku muna aiki tare, abin da ya taɓa haɗa mu bai wuce sannu ba. Yana tsugune a can gefe, nesa da inda ya yi feshin, ya shimfiɗa mayafin da yake ratayawa a kafaɗa a kan kujerar baƙi. A kan mayafin ga zangarniyoyin nan a jere, kai da kai, gindi da gindi, har da guntaye biyun da na datse ya haɗa su wuri ɗaya. Da ya gan ni ya miƙe, ya fara yi mini faɗa da ɗan Larabcinsa da ɗan Turancinsa.

"Wa ya kawo wannan? Kai ne? Wannan ba kayan ado ba ne, habibi. Iri ne. Ko manaja ta kore ni ba zan fesa masa komai ba."

Na ce, "Ya aka yi ka sani?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ya aka yi ya san rana ta fito. Ya ɗauki guda ɗaya ya nuna mini. Ya ce dubi, duk tsawonsu ɗaya, babu mai gurbi, babu wadda tsutsa ta taɓa, wannan zaɓa aka yi. Ya nuna karan da aka bari a gindi, ya ce an bar shi ne don ɗauri. Sannan ya kai ta hancina. "Shinshina." Na shinshina. Hayaƙi. Ƙamshin madafin mahaifiyata ne sak, na itace da kunkunniya. Jiya na yi awa biyu ina juya su a hannuna ban ji ba.

"A ƙauyenmu ma haka muke yi," in ji shi. "A saman murhu muke ratayewa, hayaƙi ya kori ƙwari har damina ta zo. Shekara ashirin da shida rabona da ganin irin wannan a hannuna."

Baba yana tsaye bai san me ake ciki ba. Na ce, "Baba, bai fesa ba. Ya ware su. Wai ya gane iri ne."

Ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Wani Ba'indiye ne, abokin aikina."

"A'a," in ji Baba. "Manomi ne. Kai ni wurinsa."

Abin da na gani bayan nan, har gobe ban san yadda zan faɗe shi ya fito daidai ba. Baba ya durƙusa gaban kujerar ya bi zangarniyoyin da yatsunsa yana ƙirgawa. Da ya zo kan wadda na datse ya tsaya, ya shafa bakin yankan, ya sake shafawa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya tsuguna kusa da shi. Baba ya murza ƙwaya biyu a tafin hannu, ya miƙa masa ɗaya, kowa ya sa a baki ya ciza. Suka gyaɗa kai a tare. Dattijon ya ja gashin zangarniyar, ya yi kukan tsuntsu da bakinsa, ya kaɗa yatsa alamar a'a. Baba ya fashe da dariya, dariyar da rabona da jin ta tun ina yaro, ya ce, "Ƙwarai kuwa! Tsuntsu ba ya iya ci, gashin ke tsone masa ido." Babu mai jin yaren wani. Na buɗe baki zan yi tafinta, sai na ga ba a bukatata. Sun fi minti goma a haka, suna maganar ruwan sama da ƙasa mai yashi da hannu kawai. Ni mai digiri, mai yare uku, ina tsaye kamar turken akuya. Na ce Allah mai iko, mutum biyu, teku a tsakaninsu, ashe duk rayuwarsu abu ɗaya suke yi a saman murhu ɗaya.

Daga nan Baba ya ce in kai shi ga murhun da nake faɗa. Yana ganin jan haske yana motsi, sai ya miƙa tafin hannu daga nesa kamar mai jin ɗumi. Ya matsa. Ya ƙara matsawa. Har ya zura hannun cikin wutar, ya fito da shi da laima.

"La ilaha illallahu. Wannan wace irin wuta ce?"

Na ce tururi ne da fitila.

"Murhu ba zafi, ba hayaƙi. To me ke korar musu ƙwari?"

Na tambayi dattijon. Ya nuna sama inda sanyi ke fitowa, ya ce a wannan falon dare da rana haka yake, sanyi kuma a bushe, ƙwaro ba ya rayuwa, iri zai shekara biyu bai san an yi ba. Na fassara wa Baba. Ya daɗe yana tunani, wannan mutumin da ya yi mako guda yana zagin na'urar sanyi. Sannan ya ce, "Ashe hunturun nasu yana da amfani. Ina igiyata?"

Na ce na datse ta. Ya ce da ma ya sani. Dattijon ya ciro zaren da yake ɗaure tsirrai da shi, Baba ya taɓa ya ƙi. Ya laluba kan kantar ya samo reshen dabinon da aka ci rabinsa, wanda na ajiye a gefe ban jera ba, ya tsage shi siri-siri da haƙori, ya murza a cinyarsa. Kafin in ankara igiya ta fito. Ya tattara zangarniya goman, ya daidaita gindinsu a tafinsa, ya fara ɗaurin nan mai kitso, ido a rufe, yatsun suna tafiya da kansu. Da ya gama ya ɗaga damin, kawunan suka buɗe kamar mafici.

Sai a lokacin na lura falon ya yi tsit. Baƙin da suka sauko karin kumallo sun tsaya da kofuna a hannu. Manaja tana bayana, ban san tun yaushe ba. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in yi shiru. Ta sa aka kawo tsani, ta nuna wata ƙugiya da ake rataye hoto a saman kantar, ta ce in tambayi mahaifina ko zai yarda damin ya zauna a can, kuma ta yi alkawari babu mai taɓa shi da feshi.

Baba ya ce, "Ba nawa ba ne yanzu. Ta tambayi mai shi."

Ya lalubo hannuna na dama, ya buɗe shi, ya ɗora damin a kai, ya rufe da nasa hannun. Sannan ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a gaban Turawa da Larabawa da Indiyawa. Shekarata talatin da huɗu ban taɓa jin sa a bakinsa ba, har na ɗauka wani yake kira. Ya ce, "Ga amanar gidanmu. Ka riƙe."

Ba zan ɓoye muku ba, kuka na yi, da majina da komai, cikin rigar aiki. Ni na hau tsanin na rataye shi. Guntaye biyun kuwa Baba ya naɗe su ya sa a hannun dattijon.

Aikin ido ya yi kyau, kuma kamar yadda likita ya faɗa, ko rabin awa bai kai ba. Da aka cire masa bandeji na ce in kai shi ya ga doguwar hasumiyar nan da kowa ke zuwa gani, ya ce a'a, otal za mu. Ya tsaya gaban murhun ya daɗe yana kallon damin a sama, da kabewa da zoɓo da goruba a ƙasansa, jan hasken nan yana wasa a jikin gashin geron. Ya ce, "Shekara shida ina zaɓensa da hannu. Ashe haka yake da kyau."

Da lokacin ya wuce aka kwashe kabewa da sauran tarkacen aka zubar, manaja ta ce a bar damin. Dattijon ne ke share masa ƙura da gashin tsuntsu duk ranar Juma'a.

Damina ta gaba, ruwa ya sauka da wuri a garinmu. Suka yi shuka, ta fito, sai sama ta ɗauke, shukar ta ƙone. Aka sake ruwa, suka sake shukawa da sauran irin, ita ma ta bi ta farko. Ƙanena ya kira ni muryarsa a dashe, ya ce, "Yaya, madafi babu ko zangarniya ɗaya. Na zaga ƙauyuka uku, kowa irin zamani ya koma. Akwai Alhazan da ke tasowa daga wajenku kullum, ka ba wani ya taho da shi."

Na ji muryar Baba daga bayansa yana cewa, "Ba a aikawa da shi."

Na je wurin manaja, ban gama bayani ba ta ce khalas, wato shi ke nan, tafi. Dattijon ya riƙe mini tsani na sauko da damin. A kan cinyata ya yi tafiyar nan har Kano. Ranar da na isa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, washegari muka fita gona. Ƙanena yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, Baba yana bayana yana gyara mini, wai ina zuba ƙwaya kamar mai ba kaji. Zangarniya bakwai muka sussuke, ya ce in koma da uku. Kwana huɗu bayan nan na fito da sassafe na ga layuka kore shar sun tsaga ƙasa. Na tsuguna a bakin gona na kasa tashi.

Baba ya rasu shekara uku bayan haka, Allah ya jiƙansa. Dattijon ma ya koma ƙasarsu. Ya taɓa turo mini hoto, yana tsaye cikin gero mai gashi da ya fi shi tsawo, ya ɗaga yatsu biyu, wato daga guntaye biyun nan ne.

Nakan zauna in yi tunanin yadda na riƙe abin nan awa biyu a hannuna ban ga komai ba sai launi da tsayi, wani kuma daga wata duniya ya shinshina sau ɗaya ya san ko mene ne. Da ina ganin na fi mahaifina sanin duniya don na hau jirgi na iya yaren mutane. Ranar na gane akwai abin da ya sani wanda ya isa har Indiya ba tare da ya taɓa zuwa ba. Abin har yanzu yana ba ni tsoro, irin tsoron da mutum ke ji in ya ga ikon Allah a ƙaramin abu.

Ina nan a otal ɗin, yanzu ni ne babba a sashenmu. Duk shekara in an yanke gero nakan je gida, ni da ƙanena mu bi gona mu zaɓa, in taho da rabi a kan cinyata. Ɗaurin ne dai har yau bai zauna mini daidai ba, nawa kullum a karkace yake. In na hau tsani zan rataye, sabbin ma'aikata sukan tambaye ni ko a kawo feshi. Sai in sauko da damin, in kai musu hanci, in ce su shinshina tukuna.